An Ce Mama Ta Yi Tafiya

Ranar Laraba da ƙarfe uku da rabi ake zura wa Mama sakata. Babu agogo a ɗakin, amma ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Da fari za ta ji ana jan kujeru a falo, sai ƙamshin turaren da aka fesa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan takun ɗanta a lungu. Kansa kawai yake leƙowa da shi, sauran jikin yana waje.

"Mama, ba kya buƙatar komai ko? To ki ɗan kwanta. Awa biyu ne kacal."

Ba ya tsayawa jin amsa, don ya san babu ita. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a bakin famfo, kuma tun ranar magana ta ƙi fitowa. Bakin ya karkace, hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai dai a ja ta. Kalmomi suna nan fal a kanta, tsaf-tsaf, amma in ta buɗe baki sai "ba… ba… ba," sai yawu. Ɗan zai ja ƙofa, ƙarfe ya ce ƙaras daga waje, takunsa ya koma falo.

Bango ɗaya ne tsakanin gadonta da falon, kuma bangon ba shi da kauri. Ƙarfe huɗu 'yan zumunta za su fara shigowa, mutum goma sha biyar zuwa ashirin, waɗanda ikkilisiya, wato jama'ar cocinsu, ta haɗa su riƙa taruwa a gidan nan kowane mako don addu'a da nazari. Ta san su duka da murya. Ta san tarin Malamin Waƙa, ta san yadda Matar Direba ke jan "Amin" har sai kowa ya buɗe ido. Wasunsu ma ita ta riƙe su a cinya lokacin da iyayensu mata ke waƙa a gaban jama'a. Duk ikkilisiyar babu wanda bai san Mama Mai Kofuna ba. Shekara talatin da ɗaya ita ke wanke ƙananan kofunan gilashin nan na Jibin Ubangiji, waɗanda ake raba wa jama'a abin sha mai tsarki a cikinsu, guda ɗari biyu da arba'in, wanki uku-uku, ta goge kowanne da farin ƙyalle, ta ɗaga shi a rana ta duba.

Kafin a tashi akan karɓi roƙon addu'a. A nan ne ɗanta, wanda kowa ke kira Dattijo tun da aka zaɓe shi cikin dattawan ikkilisiya, zai gyara murya.

"Kada mu manta da mahaifiyata. Tana can wurin ƙanwata ana ta magani. Jiki kam da sauƙi."

Sai wani ya ɗauki addu'a. "Ya Uba, ka tuna da baiwarka a can inda take. Mu nisa ya hana mu ganinta, amma kai babu nisa a wurinka." Falo ya amsa da Amin. Ita kuwa baiwar da ake magana tana kwance taku huɗu daga bakin mai addu'ar, ta ƙura wa silin ido, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Abu ɗaya take so a duniyar nan, ba lafiya ba ma. So take mutum ɗaya daga cikinsu ya san tana nan, kafin a wayi gari a ce ta rasu a can wurin 'yarta.

Ƙaryar ba da girma ta fara ba. Larabar farko bayan an sallamo ta daga asibiti, a falo aka zaunar da ita, kowa na zuwa yana kama hannunta. Ana tsakiyar addu'a fitsari ya kufce mata, ya bi ƙafar kujera ya malala a kan kafet. Dattijo ya ga yadda mutane suka riƙa janye ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Larabar da ta biyo baya, da aka tambaye shi ina Mama, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ta je wurin Auta ta ɗan huta kwana biyu." To, kwana biyun ne har yau ba su cika ba.

Ita ƙarya ai ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi abin da za ta ci. Wanda aka ce ya yi tafiya ba a ganinsa a tsakar gida yana shan hantsi, don haka aka daina fito da ita. Ba a ganinsa ta taga, don haka aka saki labule, aka kama shi da ƙusa. Zannuwanta kowa ya san su, sai aka koma shanya su a banɗaki, su bushe da warin raɓa. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙafa sau biyu a mako, amma akwai 'yar ikkilisiya da ke aiki a asibitin, don haka gashi ya tsaya. Ƙafar ta ƙage, ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Ƙugunta ya fara yin gyambo saboda kwanciya a gefe ɗaya.

Kuma kowa a gidan yana da hujjarsa, ka ji ta kamar gaske.

Dattijo yakan zauna a bakin gado ran Lahadi bayan sujada a majami'a, da kwat ɗinsa bai tuɓe ba. "Mama, don mutuncinki nake yi. Ke da kowa ya sani da tsabta, ya za a yi su gan ki haka? Bari su riƙa tuna ki yadda kike a da. Da kin samu sauƙi sai mu ce kin dawo, shi ke nan." Yana faɗa yana kallon wayarsa.

Matarsa, Malama, a makarantar firamare take koyarwa. Ta fita bakwai, ta dawo uku, ƙafa a kumbure. Ba muguwa ba ce, gaskiya a faɗe ta. Takan juya Mama, ta canza mata zane, tana magana ita kaɗai. "Ni dai ba ni na kawo shawarar nan ba, Allah na gani. Na ce masa a ɗauko mai taimako, ya ce mai taimako baki gare ta. Hannuna biyu ne, Mama. Yara arba'in a aji, na dawo kuma ga gida."

Ita kuwa Auta, wadda aka ce Mama na wurinta, ta waya take tata hujjar. Wata rana Dattijo ya sa wayar a lasifika a lungu, Mama na ji.

"Yaya, Matar Fasto ta sake kirana wai a ba Mama waya. Na ce tana barci. Karo na huɗu ke nan fa. Ku san yadda za ku yi."

"To ki zo ki ɗauke ta da gaske mana, maganar ta zama gaskiya."

"Haba Yaya! Ɗaki biyu gare mu, ga yara. Kai ne mai babban gida."

Mama ta gwada abin da za ta iya. Akwai kofin ƙarfe da ake ba ta ruwa. Wata Laraba, da aka kai ga "a can inda take," ta ɗauke shi da hannun hagu ta buga a bango. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Falo ya yi tsit. Ta ce a ranta yau dai Allah ya yi. Sai ta ji dariyar ɗanta. "Bututun ruwan nan ne, in an kawo ruwa haka yake yi. Mu ci gaba." Washegari aka ja gadon zuwa ɗaya bangon, aka ɗauke kofin ƙarfen aka kawo na roba, shuɗi, mai hannu.

Kofin nan shuɗi shi ne na shayi da safe, shi ne na ruwa, shi ne na jiƙa magani. Ba a wanke shi, sai dai a watsar da na ciki a zuba wani. A hankali bakinsa ya yi baƙin zobe, gindinsa ya yi santsi, yana tsami. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗaga kofi a rana, kai, duniya! Sai ta rufe ido take sha.

A wata na biyar ta daina addu'a. Ba mantawa ta yi ba, fushi ta yi. Ta ce wa Allah a ranta, "Na wanke maka kofuna har yatsuna suka tsage. Ga sakayyata. To na yi shiru, kai ma ka ci gaba da shirunka." Daga nan in an fara waƙa a falo sai ta juya fuska ta bango. Kwanakin suka zama iri ɗaya: hasken labule ya yi fari, ya yi ja, ya mutu. In Malama da Dattijo sun fita aiki, sai ƙarar firij da tsiyayar famfo. Ta kai har tana jiran ƙadangaren da ke bi ta bayan labule, in bai zo ba ta ji babu daɗi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne hirar da ake yi a falon. Kullum maganar ɗaya ce, zamani ya lalace, ikkilisiya ta yi sanyi. Matasa na latsa waya ana wa'azi. 'Yan mata na shiga gidan Allah da wando. An daina gaida manya. Dattijo ya fi kowa zafi a kai, har yana buga tebur. Mama na jin su tana cewa a ranta, ai duk maganganuna ne. Ita ce da take zama a bencin gaba tana tsaki. Ita ta yi ta faɗa lokacin da aka ajiye kofunanta na gilashi aka kawo na roba da ake sha a yar. Ita ta yi ta mita cewa yanzu in an ɗauki waƙa mai baiti huɗu sai a tsallake na uku, wai don kada a daɗe. Yanzu ga maganganun nata suna dawo mata ta cikin bango, a bakin wanda ya zura mata sakata.

Cikin muryoyin falon akwai wata dariya da Mama ba ta so, dariyar Janbaki. Mai shagon kitso ce, ta kai shekara talatin da biyar, ba aure, kullum a kujerar kusa da lungu take zama don a makare take zuwa. Sunan nan ma Mama ce ta jawo mata shi. Shekara goma sha biyar baya, tana wankin kofuna ta tarar da ɗaya da jan shatin leɓe a bakinsa. Ba ta wanke shi ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta kai taron zumuntar mata, ta ɗaga shi sama ta ce, "Ku dubi abin da ake kawowa teburin Ubangiji!" Ba ta kira suna ba, amma duk idanu suka juya kan yarinya ɗaya. Yarinyar ta yi shekara uku ba ta taka ƙofar majami'a ba. Da ta dawo kuma, da janbakinta ta dawo, ya ma fi na da ja.

Wata Laraba ana cikin hirar lalacewar zamani sai Mama ta ji muryar Janbaki ta katse su.

"Ni fa tambaya gare ni. Baba Mai Ƙararrawa, wanda yake kaɗa mana ƙararrawar safe, ina ya shiga ne?"

Wani ya ce ai 'ya'yansa sun ce ya koma ƙauye. Wani ya ce kamar ya ji an ce ya rasu bara. Dattijo ya ce a koma kan nazari.

Maganar nan ta hana Mama sukuni. Shekara shida ke nan da tsohon ya ɓace daga bencinsa. Ita da bakinta ta tambayi ɗansa a ƙofar majami'a, ya ce, "Baba ya koma ƙauye," ta ce, "Allah sarki, a gaishe shi," ta wuce wurin kofunanta. Gidansu bai kai tafiyar minti goma daga nata ba. Ba ta taɓa zuwa ta ƙwanƙwasa ba. Anya ƙauyen ya koma? Ta fara lalubo wasu. Tsohuwar nan mai sayar da zare da aka ce jikokinta sun ɗauke ta. Makahon da ke zama kusa da taga. Matar da ɗanta ya taɓu, aka ce an kai shi wurin dangi. Ta ƙirga da yatsun hagu, yatsun suka ƙare ta sake zagayowa. Mutum tara. Ta san adadin kofunanta ba ta taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, amma mutum tara sun ɓace a gabanta, ita tana can tana auna tsawon siket ɗin 'yan mata.

Kunya ce ta fara kama ta, irin wadda ba ta ji ba ko ranar kafet. Ta yi kuka har numfashinta na sarƙewa. Da kukan ya lafa sai ta ji kanta tana magana da Wanda ta yi wata biyu tana gaba da shi. Ba kanta ta roƙa wa ba. Ta ce, "Ya Ubangiji, Baba Mai Ƙararrawa, in yana bayan wata ƙofa, ka aika masa da mutum." Ta bi su ɗaya-ɗaya har tara. Ta ƙara da na goma, yarinyar da ta kunyata. Daga ranar ta samu aikin yi. Da hasken labule ya yi fari za ta fara, ba ta gamawa sai ya yi ja. Ɗakin bai canza ba, warin bai ragu ba, gyambon ƙugu ma ƙaruwa ya yi. Amma ta daina juya wa waƙa baya, har takan bi ta a zuci.

Ana haka ikkilisiya ta sa makon falkaswa, wato mako guda na wa'azi da addu'a don a farkar da zukatan da suka yi sanyi. Aka ce Fasto da kansa zai zagaya zumuntar gidaje, kuma Larabar makon a gidan Dattijo zai kasance. Tun safe ake goge-goge. Ranar tun ƙarfe uku aka zura sakata, aka ƙara da tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda wari.

Falo ya cika har lungu. Fasto ya yi magana da murya irin ta wanda ya gaji. Ya ce shekara ashirin yana wa'azi, majami'a na ƙara cika, amma shi ji yake kamar da bango yake magana. Ya ce wani lokaci har yakan tambayi kansa ko akwai sauran masu tsoron Allah. Ya ce in farkawa za ta zo, daga gida za ta fara, kuma ya gode wa Allah da gidaje irin na Dattijo. Aka tafa. Sannan ya ce a rufe da tsohuwar waƙar nan da iyayenmu ke yi, aka kira lambarta.

Waƙar da Mama ke yi ce in tana wankin kofuna. Suka yi baiti na ɗaya, suka yi na biyu. Malamin Waƙa ya ce, "Na ƙarshe!" aka ɗan tsaya ana jan numfashi, za a tsallake na uku kamar kullum.

Mama ba ta shirya ba. Haushin tsallaken ne ya taso mata, tsohon haushi na shekaru, ta buɗe baki za ta yi tsaki. Sai baiti na uku ya fito. Bakin da ya yi wata bakwai bai iya cewa "ruwa" ba, ga shi yana jero kalmomi a kan karin waƙa, a karkace, a dishe, amma kowace kalma a wurinta. Baitin da ke maganar furfura da ƙarewar ƙarfi ne. Ita kanta tsoro ya kama ta, amma ba ta tsaya ba. Ta ƙara ɗaga murya har ta kai ƙarshensa.

A falo babu wanda ya ɗauki baiti na ƙarshe.

"Rediyon maƙwabta ne," in ji Dattijo. "Malam, ɗauki na ƙarshe."

"Wane irin rediyo?" Muryar Janbaki ce. "Muryar nan ta taɓa korata daga majami'a shekara uku. Ko a kabari na ji ta zan gane ta."

Kujera ta faɗi. Takalmi mai tsini ya biyo lungu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Aka ja tsumma, ƙarfe ya ce ƙaras, haske ya faɗo cikin ɗakin. Mama ta ɗaga hannun hagu ta kare idonta. Da ta sauke sai ga su cunkushe a bakin ƙofa, Janbaki a gaba, Fasto a bayanta, Matar Direba ta toshe hanci da gefen mayafi tana salati irin nasu, "Yesu! Yesu!" Suka ga labulen da aka kafe da ƙusa, suka ga bokiti, suka ga ƙafar da ta lanƙwashe.

"Jiya… jiya da yamma aka dawo da ita," in ji Dattijo daga baya. "Ba mu so a dame ta ne."

Babu wanda ya dube shi, babu kuma wanda ya ƙaryata shi. Fasto ya durƙusa ya kama hannunta ya yi addu'a. Mama ta yi ta ƙoƙarin ta ce masa wata bakwai, ta ce masa akwai wasu tara, amma waƙa ta ƙare, bakin ya koma "ba… ba… ba." Ɗaya bayan ɗaya suka ce, "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi," suka zame. Ranar ko lemon da aka saya ba a sha ba.

To, me kuke tsammani ikkilisiya ta yi? Dattawa suka zauna a asirce. Aka ce abin kunya ne, amma in ya fita sunan ikkilisiya zai ɓaci, ga shi ana tsakiyar falkaswa. Aka ce Dattijo ya yi kuskure, amma ai yana ciyar da ita, wasu ko hakan ba sa yi. Aka ja masa kunne. Aka kuma yanke shawara, saboda tausayi, cewa daga yanzu zumuntar Laraba ta koma gidan Malamin Waƙa, don hayaniya kada ta riƙa damun mara lafiya. Ran Lahadi aka yi sanarwa daga bagade a gaban majami'a cewa Mama Mai Kofuna ta dawo daga tafiya lafiya. Jama'a suka tafa. Mutum ashirin da suka ga ƙusar labulen nan da idonsu, su ma suka tafa.

An cire ƙusar kam, an kuma fara maganar komawa asibiti. Amma da Laraba ta zagayo, ƙarfe uku da rabi ya yi babu jan kujeru, babu turare. Ƙarfe huɗu ya yi, falo shiru, sai firij. Mama ta kasa kunne har wuyanta ya gaji. Da can ko ba komai tana da awa biyu na muryoyin mutane a mako. Yanzu an san tana nan, an kuma kwashe muryoyin an kai wani gida. Ta ce a ranta, ashe akwai kaɗaicin da ya fi na sakata. Ta lumshe ido ta koma kan mutanenta tara, ta fara daga Baba Mai Ƙararrawa.

Tana kan na huɗu ta ji ana buga ƙofar gida. Ta ji muryar ɗanta, wanda ke shirin fita zuwa sabon wurin zumunta.

"A'a, ba ki ji sanarwa ba? An koma gidan Malamin Waƙa."

"Na ji," in ji muryar Janbaki. "Ni nan na saba zuwa."

"Mama tana hutawa."

"Wata bakwai tana hutawa, Dattijo. Matsa in wuce."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Janbaki ta shigo da wandonta da jakarta da leɓenta ja wur, ta yaye labule ta buɗe taga, ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba. Ta kwashe labarin sanarwa da tafin ta faɗa wa Mama, tana yi tana tsaki. Ta ce ta rufe shago ran Litinin ta je gidan su Baba Mai Ƙararrawa. "Yana nan, Mama. Ɗakin baya, kusa da wurin ajiye gawayi. Bai gane ni ba, amma ya riƙe hannuna ya ƙi saki." Mama ta damƙi zanen gado, ta ɗaga yatsun hagu tana nuna mata, biyar, sannan uku. Janbaki ta dube ta. "Akwai saura? Takwas? To, za ki nuna mini su a hankali. Ni in kira suna, ke ki gyaɗa kai."

Dattijo na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota, ɗaya hannun kuma ya kai kan sakatar, don hannu ya riga ya saba. Janbaki ta waiwaya.

"In za ka zura, zura. Mu biyu ne a ciki yau."

Ya dubi hannun nasa kamar na wani ne, ya sauke shi. Can suka ji tashin motarsa.

Sai idon Janbaki ya sauka kan kofin nan shuɗi. Ta ɗaga shi, ta leƙa ciki, ta dubi Mama. Ta tashi ta fita da shi. Mama na jin famfon kicin ya zuba ya tsaya, ya zuba ya tsaya, ya zuba ya tsaya. Sau uku. Da ta dawo, ta tsaya a bakin taga ta ɗaga kofin a rana ta duba, sannan ta zuba shayi daga filas ɗin da ta zo da shi. Ta kurɓa kaɗan don ta ji ko ya yi zafi da yawa, ta miƙa.

A bakin kofin ga shatin leɓe, ja wur.

Su duka biyu suka gan shi lokaci ɗaya. Janbaki ta yi sauri ta kama gefen rigarta za ta goge. Mama ta kai hannun hagu ta riƙe mata wuyan hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta jawo kofin, ta juya shi a hankali har jan shatin ya zo daidai bakinta, ta sha daga nan, idonta a buɗe.